Farin wata da sawun barewa: amsa ga wani matashin maharbi

Wani matashi daga ƙasar Dukku a jihar Gombe ya aiko da tambaya. Ya ce: "Assalamu alaikum, Baba. Ina kallon maharban Amurka a YouTube, suna cewa kwanan wata ne ke nuna ranar da barewa za ta fito kiwo da sa'ar da za ta fito, har akwai manhajar waya da ake biya tana ba mutum jadawalin. Kakana kuwa cewa yake yi daren farin wata ba daren farauta ba ne, iyakarsa ke nan. Wa zan bi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa kakanka lafiya. Maganarsa ta fi ta manhajar kusa da gaskiya, sai dai dalilin da yawancin maharba ke bayarwa a kai ba shi ne ainihin dalilin ba. Ni ɗan maharbi ne, na tashi ina riƙe wa mahaifina kwari a dazuzzukan ƙasar Alkaleri, daga baya na shiga aikin gandun daji har na ajiye. Ka ga na yi dakon nama, na kuma yi dakon masu dakon nama. Abin da na tsinta a duka biyun shi ne wata bai riƙe da akalar barewa. Cikinta ne ke tashinta, ƙishirwa ke kai ta rafi, tsoro ke mayar da ita duhuwa. Aikin wata a nan guda ne, shi ke raba wa ke ganin wa, kuma a wace sa'a ta dare.

Bari mu fara raba suna, don a nan ake fara ɓata. Dabbar da kake gani a bidiyon nan, mai ƙaho kamar reshen bishiya, ba barewarmu ba ce, masu fassara ne suka ara mata sunan. Namijinta kan zubar da ƙahonsa duk shekara wani ya fito. Namu kuwa, barewa da gada da mazo da mariya da kanki da gwanki da gwambaza da batsiya, ƙahonsu ɗaya ne har mutuwa, ba ya reshe, kuma sun fi kusa da akuya da saniya a dangantaka. Irin waccan mai zubar da ƙaho babu ita a dajin Najeriya, a duk Afirka ma sai can tsaunukan Atlas wajen Aljeriya da Tunisiya ake samun 'yar asalin nahiyar. To jadawalin da aka tsara wa dabbar da ke tono abinci ƙarƙashin ƙanƙara, ka ce za ka ɗora shi a kan gadar da ke tsintar kanya a bakin Gongola, tun daga nan lissafin ya karkace.

Shi kansa jadawalin yana da tarihi. Wani Ba'amurke mai suna John Alden Knight ya fito da shi a 1926, kuma kamun kifi ya sa a gaba da farko. Ra'ayinsa shi ne dabbobi sun fi motsi lokacin da wata ke tsakar ka, ko yake daidai ƙarƙashin ƙafarka a ɗaya gefen duniya, sai kuma ɗan motsi lokacin fitowarsa da faɗuwarsa. Maganar tana da daɗin ji, tun da kowa ya san wata na jan ruwan teku ya cika ya janye. Amma teku daban, jikin barewa daban. Da aka samu na'urar da ake rataya wa dabba a wuya tana aiko da inda take dare da rana ta tauraron ɗan'adam, sai aka daina musu da baki. Masu bincike a jami'ar jihar Fensilbaniya ta Amurka sun bi matan irin waccan barewar, suka auna tafiyarsu a duhun wata da farin wata, bambancin da suka samu bai wuce 'yan mitoci a awa guda ba, abin da ba zai kai ka daga zaure zuwa ƙofar ɗaki ba. Na jami'ar jihar Misisifi sun bi mazan, su ma ba su ga abin da maharbi zai dogara da shi ba. Abin da ya fito fili a ko'ina shi ne dabbar ta fi tafiya da ketowar alfijir da faɗuwar rana, ko wata na sama ko ba ya nan. Wannan kuwa kakanka ya san shi tun ba a haifi mai manhajar ba.

Duk da haka kada ka ce na ce wata ba shi da tasiri. Yana da shi, kuma sai ka iya karanta agogonsa za ka gan shi. Mu Musulmi mun ci sa'a a nan, domin da kwanan wata muke azumi da salla, lissafin yana bakinmu. Daga tsayuwar wata zuwa tsayuwar wani kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani watan ke yin 29 wani 30. Kullum kuma wata na jinkirta fitowa da kusan minti 50. Wannan minti 50 ɗin shi ne duk sirrin. Jinjirin wata na kwana 2 ko 3 yana yamma da magariba, kafin a daɗe da isha'i ya faɗi, sauran daren duhu ne. A kwana 7 ko 8 rabinsa ne, yana tsakar ka da magariba, ya faɗi wajen tsakar dare. A 13 da 14 da 15, fararen kwanakin da ake azumin nafila, rana na faɗuwa yana fitowa, ba zai faɗi ba sai gari ya waye. Daga 16 sai lamarin ya juye: magariba ta yi babu wata, duhu ya rufe, sai can ya leƙo. A 17 sai wajen isha'i ko bayanta, a 20 sai an kai goma da rabi ko sha ɗaya, a 22 sai tsakar dare. Daga 27 zuwa tsayuwar sabo kuwa daren baƙi ne ƙirin, in ban da taurari.

Ka lura, daren 8 da daren 22 duk rabin wata ne, manhaja ma za ta zana maka su kusan iri ɗaya. A daji ba su haɗa komai ba. Na farko haske ne da farkon dare, duhu da asuba. Na biyu duhu ne da farkon dare, haske da asuba. Dabbar da ke fitowa da magariba ba ruwanta da siffar wata, abin da ya shafe ta shi ne a sa'ar da take fitowa fili akwai haske ko babu. Kuma rabin wata ba rabin haske yake bayarwa ba, bai fi kashi ɗaya cikin goma na hasken daren 14 ba. Shi kansa daren 14 da muke cewa kamar rana, rana ta ninka shi kusan sau 400,000. Idonmu ne ke sabawa. Sai ka ƙara da gajimaren damina da ke iya shafe wata ɗungurungum a watan Agusta, da ƙurar hunturu da ke mayar da shi ja kamar tsohuwar tasa. Manhajar da aka rubuta a Amurka ba ta san yau akwai hazo a Dukku ba.

Su dabbobin nan ba sa jiran wata kafin su gani. A bayan idonsu akwai wani shimfiɗe mai sheƙi kamar madubi, yana mayar da ɗan hasken da ya shiga ya sake bi ta cikin idon, shi ne ke sa idon akuya ko kyanwa walƙiya idan ka haska shi da dare. Hasken taurari ya ishi gada ta tsinci aduwa. Sannan akwai ciki. Dukkansu masu tuƙa ne kamar tumaki, a ci a cika tumbi, a kwanta a yi tuƙa, bayan 'yan awoyi a sake tashi. Wannan juyin ba ya tsayawa don wata ya ɓata. Duk wanda ya taɓa kwana kusa da turken awaki ya ji ƙarar haƙoransu da tsakar dare a kowane kwanan wata.

Inda wata ke shigowa da ƙarfi shi ne wajen tsoro, kuma a nan binciken Afirka ya fi mana amfani. A Tanzaniya wani masanin zakuna, Craig Packer, da abokan aikinsa sun fitar da bincike a 2011 kan zakunan da ke kai wa mutane hari a kudancin ƙasar, inda aka kai wa mutum fiye da 1,000 hari tsakanin 1988 da 2009. Sun ga zaki ya fi samun nama a duhu, a farin wata cikinsa kan faɗa don abin farautarsa na hango shi daga nesa. Harin da ake kai wa mutane kuma ya fi yawa tsakanin magariba da ƙarfe 10 na dare, a kwana goman da ke biyo bayan cikar wata. Ka koma kan agogon da na zana maka za ka ga dalili: zaki ya yi kwanaki yana fama da yunwa saboda haske, sai ga daren 16 da 17 da 18 sun zo da duhu tun magariba, lokacin da mutane ba su shiga ɗaki ba. Daga baya, a 2017, aka fitar da wani binciken daga dajin Serengeti inda aka ɗaure kyamarori 225 a jikin bishiyoyi da turaku. Nan aka ga kowace dabba da irin dabararta. Wata dabba mai gemu da ke tafiya dubbai, wadda mutanen can ke kira nyumbu, takan guje wa wuraren zaki a darare masu duhu. Ɓauna takan ƙara haɗuwa garke. Barewarsu kuwa ta fi motsi bayan wata ya fito. Wato ko a daji ɗaya, ƙarƙashin wata ɗaya, babu amsa ɗaya. Mai zama a fili yana dogara da ido da gudu, haske abokinsa ne. Mai dogara da ɓuya, irin su gada da zomo da gafiya, haske tonon asiri ne gare shi.

To mu dawo gida. Zakunan da suka rage a Najeriya 'yan tsiraru ne, a Yankari da Kainji. A dajin Dukku ko na Nafada ko bayan duwatsun Kaltungo, zakin da gada ta sani mai ƙafa biyu ne, da fitila a goshi. A nan maganar kakanka ta samo asali. A zamanin mahaifina fitilar goshi irin wadda ake zuba wa wani farin dutse da ruwa ce, ta ba da ɗan harshen wuta, yanzu kuwa tocila ce mai caji. Aikinsu ɗaya. A baƙin dare idon dabba a buɗe yake wangale, haske na dukansa sai ta daskare, ba ta ganin komai bayan fitilar, idanunta biyu kuma suna ƙyalli kamar an kunna su. A farin wata wannan dabarar ta mutu. Idon ya riga ya saba da haske, fitilar ba ta ɗaure shi, kuma tana ganin mutumin da ke ɗauke da ita tun daga nesa, da inuwarsa tana tafe a gabansa. Maharbi ya yi yawo har asuba ya dawo da raɓa a wando, ya ce yau nama bai fito ba. Nama ya fito. Ya gan shi ne ya kauce tun bai iso ba.

Na ga wannan da idona ranar da ban riƙe komai ba sai abin hangen nesa. Da bazara ne, daren 14, aka ajiye ni ƙidayar dabbobin da ke zuwa wata mashaya, na hau wata tsamiya na zauna a kan itacen da muka gicciye. Wajen ƙarfe 9 na ga mazo a bakin duhuwa, namiji, fararen ɗigon cinyarsa suna fitowa sarai. Tsakaninsa da ruwa bai fi taku 30 ba, amma yashi ne fari fat. Ya tsaya a inuwar wata kanya kunnuwansa na juyawa ɗaya bayan ɗaya. Na duba agogo, ya yi fiye da rabin awa bai ɗaga ƙafa ba. Da ya tashi tafiya bai ratsa yashin ba, ya bi gefe, daga inuwar kanya zuwa ta baure zuwa ta wani kurmin ciyawa, ya yi zagaye mai nisa ya sha ruwa a inda reshe ya sunkuyo. Ƙafata ta yi sanyi na ɗan gyara zama, itacen ya ce ƙiris. Ya yi haushi guda ɗaya irin na kare, wanda duk mai shiga daji ya san kukan mazo ke nan, ya ɓace. Mako biyu bayan haka, a duhun wata, da safe na tarar da sawunsa ya ratsa tsakiyar yashin nan miƙe kamar an ja zare. Ruwan da ya sha ɗaya ne, ƙishirwar ɗaya ce. Hanya ce ta canza. Da na'ura ce a wuyansa tana ƙirga mitoci, da wuya ta nuna wani abin kirki, amma wanda ya yi kwanto a bakin yashin zai rantse cewa mazo ba ya fitowa a farin wata.

Mu ma'aikata da kwanan wata muke tsara sintiri, kuma ba don dabbobi ba, don mutane. Mun san masu fitila sun fi shigowa daga 20 ga wata zuwa farkon sabon wata. Abin sha'awa, a Afirka ta Kudu lissafin a juye yake. Masu satar ƙahon karkanda a dajin Kruger farin wata suke so, don su yi tafiya ba tare da kunna fitilar da za ta tona su ba, ma'aikatan can kuma cikar wata ce lokacin da ba sa barci. Wata ɗaya ne a sama, kowane ɓarawo da yadda ya yi masa daidai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa maharbi wata ya fi juyawa, ba abin harbin ba.

Akwai wata magana da maharba ke yi, cewa bayan daren farin wata dabba ta ci ta ƙoshi, ba za ta fito da sassafe ba sai rana ta ɗaga. A wajen mazauna fili irin su mariya da kanki na sha ganin abin da ya yi kama da haka, suna kwance suna tuƙa da hantsi bayan sun kwana kiwo. Sai dai na ga hakan a wasu kwanakin ma, musamman da bazara, lokacin da zafin rana ke sa kowace dabba ta mayar da kiwonta dare. Ba zan ba ka shi a matsayin doka ba.

In kana son abin da ya fi wata nauyi a ma'auni, fara da ruwa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙoramu suka ƙafe, dabbobin Yankari kan tattaru a kwarin kogin Gaji, shi ya sa masu zuwa kallo suka fi ganinsu a lokacin. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, amma rani kan matso da mazaunansa bakin kogi ɗaya. Da damina ta sauka, kowane kwari da ruwa, sai su watse, ciyawa ta rufe su, ka yi yini ba ka ga ko wutsiya ba. Gwambaza da mariya ba sa nisa da ruwa. Gada kuwa takan daɗe ba ta sha ba, ɗanyen ganye da 'ya'yan itace sun ishe ta, don haka mai nemanta bishiya yake nema. Ina kanya ke zuba, ina aduwa, ina taura, ina gawo ya fara yar da 'ya'yansa. Idan birai na kan bishiya suna ɓarna, duba ƙasa, sau da yawa akwai mai tsintar abin da suka zubar. Inda aka ƙone daji kuma, 'yan kwanaki kaɗan toho ya fito, batsiya da kanki za su zo ko wata na nan ko ba ya nan.

Sai iska, wadda ita ce uwar sanɗa. Mahaifina ba ya shiga daji sai da ƙullin toka a tsumma, ɗaure a igiyar wuyansa. Duk taku kaɗan sai ya ɗan girgiza shi a gaban gwiwarsa ya kalli inda tokar ta bi. Ban taɓa jin ya tambayi nawa ga wata kafin ya fita da asuba ba, amma sau da yawa mun juya gida daga bakin daji don tokar ta bi gabanmu. Yakan ce dabba na iya ƙaryata idonta, tana iya ƙaryata kunnenta, ba ta ƙaryata hancinta. Da yamma in ƙasa ta huce, iska mai sanyi kan gangara ta bi kwari, ta ɗauki warin mutum ta kai shi mashaya, da hantsi in rana ta yi zafi ta juyo sama. Wanda ya zauna ta saman ruwa da magariba ya aika wa kowa sallama tun bai gyara zama ba. Da hunturu kuma, iskar arewa maso gabas in ta yi ƙarfi, dabbobi kan lafe a bayan dutse ko cikin kwari, don ganye na ƙara ko'ina ba sa iya tantance motsi. Bayan wannan sai mutane: garken shanu ya bi ta wurin jiya, masu saran itace sun kwana, babura sun yi ta wucewa ranar kasuwa, ko an yi farautar gayya da karnuka da ganguna a makon. Kowane ɗaya cikin waɗannan yana kwashe dabba daga wuri fiye da abin da wata zai yi a shekara.

Za ka kuma ji 'yan bidiyon nan suna cewa wata ke buɗe lokacin barbara. A wajensu ma an duba, aka ga tsawon yini ne ke yin wannan aikin. A arewacin Amurka yini kan kai awa 15 da zafi ya sauko kusan 9 da sanyi, raguwar nan ce ke taɓa jikin dabba, barbara ta faɗo a Nuwamba kowace shekara ko wata na wane kwana. Mu nan Bauchi da Gombe bambancin yininmu mafi tsawo da mafi gajarta bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba, don haka damina da ciyawa suka fi faɗa a ji, wasu dabbobin namu ma suna haihuwa kusan kowane lokaci. An taɓa samun alamar cewa barbarar nyumbu a Serengeti tana bin kwanan wata, amma wannan tasu ce.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba, amma tun da ka kira ni Baba sai ka ji ta. Duk amfanin da duhun wata ke yi wa maharbi, ta hanyar fitila yake zuwa, kuma haska wa dabba fitila don a harbe ta yana cikin hanyoyin da dokokin farauta suka daɗe da hanawa. Tun Dokar Namun Daji ta 1963 ta tsohuwar Jihar Arewa aka ware dabbobin da ba a taɓawa da waɗanda sai da lasisi, ga kuma dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke neman ƙarewa. Cikin gandun dajin Yankari da na Lame-Burra da na Sumu kuwa babu farauta ko ta wace iri. Ba don tsoron kamu kaɗai nake faɗa maka ba. Mai fitila ido biyu yake gani, ba ya ganin ciki, ba ya ganin nono. Na taɓa tarar da mariya da aka harba da dare aka bar ta don ta yi nisa kafin ta faɗi, ɗanta na kwance a ciyawa kusa da ita bai fi kwana uku ba. Na kuma san rigingimun da aka yi a ƙauyuka kan maraƙin Fulani da aka ɗauka gwanki ne, da wanda ya fi wannan muni, abokin farauta da ya tsuguna bayan kalgo. Barewa mai jan goshi, wadda ake wa karin magana da gudunta, yau tana cikin jerin dabbobin da duniya ta sa wa alamar haɗari, kuma yaran ƙauyenmu da yawa ba su taɓa ganinta ba sai a hoto. Ana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to sai an bar uwar ta haihu tukuna. Je ka ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku ka ji abin da aka halatta da lokacinsa, ka kuma gaida sarkin bakan garinku, shi ya san dajin da aka hana shiga bana.

Kuɗin manhajar nan kuwa, sayi littafin rubutu mai ganye 40 da biro. Duk fitar da ka yi, ko gona ka je, rubuta kwanan watan Musulunci, da sa'a, da ko wata na sama a lokacin, da gajimare ko hazo, da inda iska ta fuskanta, da abin da ka gani, ko sawu ne ko kashi ko dabbar kanta. Ranar da ba ka ga komai ba ita ta fi muhimmanci ka rubuta, domin kan maharbi ranar sa'a kawai yake ajiyewa. Mutum ya yi dace sau ɗaya a daren 25, shekara 30 yana ba da labarin, ya manta darare 25 nawa ya dawo hannu rabbana. Sai ka haƙura ka tara shekara biyu ko uku kafin ka yanke hukunci, saboda shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, kuma in ba ka ga farin watan damina da na hunturu da na bazara kowanne sau da yawa ba, za ka ɗora wa wata laifin ruwan sama.

In kana son gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar bindiga, nemi wata turbar gada da ke ratsa fili zuwa gindin bishiya mai zuba. Da la'asar ka share yashin wurin da reshe, faɗin tabarma biyu a tsakiyar fili, da wani kamarsa a gefen inuwa. Ka dawo da sassafe kafin awaki su fito ka ƙirga sawu a kowanne. Yi haka a daren 13 da 14 da 15, ka sake a 27 da 28 da 29. Ka tafi da kakanka in ƙafarsa za ta kai shi, don shi zai bambance maka sawun gada da na ɗan akuya, wanda ni sai da na sha ranƙwashi sau uku kafin na iya.